Tubalin Wasa, Tubalin Halitta da Ninjan Gonar Dawa

Daga cikin kayan wasan yara da suka yi fice a duniya akwai wani ɗan ƙaramin akwati na kwali wanda ake zuba 'yan tubala na roba a cikinsa, masu launi iri-iri, tare da 'yar takarda mai hotuna da ke nuna wa yaro yadda zai harhaɗa su. Idan ya bi takardar daki-daki sai ya ga ya gina babur, ko jirgi, ko wani dodo mai fukafukai, ga kuma ɗan mutum-mutumi da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, fuskarsa a rufe da rawani, yana riƙe da takobi. Wannan shi ne Ninjago, ɗaya daga cikin jerin kayan wasan kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, wanda aka fara fitarwa a shekarar 2011 tare da wasan kwaikwayon zane na talabijin. Jaruman labarin su ne Kai mai jajayen kaya, da Jay mai shuɗi, da Cole mai baƙi, da Zane mai fari, da Lloyd mai kore, da 'yar'uwar Kai wadda ake kira Nya, sai kuma malaminsu, dattijo Wu. Akan sami irin wannan akwati a manyan shagunan birane, haka kuma akwai na kwaikwayo masu araha.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da kayan wasan yara? Amsa ita ce, a cikin wannan ɗan akwati akwai darussa biyu waɗanda muke shan wahala wajen fahimtar da ɗaliban shekarar farko a jami'a. Na farko shi ne yadda ake gina abubuwa masu yawan gaske daga tubala 'yan kaɗan. Na biyu kuma shi ne yadda dacewar siffa da siffa take tafiyar da al'amuran rayuwa, har ta kai ga manomin Funtuwa ko na Malumfashi ya sami dawa a rumbu ko ya rasa.

Asalin tubalin

Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a shekarar 1932. Bayan shekara biyu ya raɗa wa sana'arsa suna LEGO, daga wasu kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar "yi wasa da kyau". Tubalin roba ya biyo baya a 1949, amma na farkon ba ya riƙo, ana ɗan taɓa gini sai ya rushe. Sai a 1958 aka yi rajistar siffar da ake amfani da ita har yau, wato 'yan haƙora a saman tubali da 'yan bututu a ƙarƙashinsa, yadda haƙorin wannan zai shiga tsakanin bututun wancan ya matse. Ba a canza ma'aunin ba tun daga lokacin, shi ya sa tubalin da aka yi a 1958 zai hau kan wanda aka yi bana ya zauna daram.

Yanzu ga abin mamaki. Idan aka ɗauki tubala biyu masu launi ɗaya, kowane mai haƙora takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi 24. Idan uku ne, hanyoyin sun zama 1,560. Idan kuwa shida ne, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙidaya, aka sami hanyoyi 915,103,765. Tubala shida kacal, waɗanda yaro zai dunƙule a hannu ɗaya.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Da tubalin ƙasa iri ɗaya magina suka tayar da ganuwa da zaure da soro da masallaci. Yaran karkara kuma, da zarar an yi girbi, sai su bi gona su tsinto kara, su feƙe ɓawonsa ya zama kamar tsinke, su yayyanka totuwar, wato farin abin nan mai laushi da ke cikinsa, su soke wannan cikin wancan, sai ga mota da tayoyinta, ko kejin tsuntsu, ko tabarau. Kayan ginin iri biyu ne kawai, totuwa da ɓawo. Ni a ganina yaron da ya ƙera motar kara ya fi mai bin takardar akwati aikin ƙwaƙwalwa, domin shi ne mai zane, shi ne mai nemo kaya, shi ne kuma magini. Inda tubalin roba ya fi shi ne daidaiton ma'auni, kuma wannan daidaito shi ne ya sa ya dace da misalin da za mu kawo.

Masara da auduga: tubali ɗaya, gini biyu

Ganyen tsiro yana ɗaukar iskar kabon daga sarari, saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, sa'an nan da ƙarfin hasken rana a haɗa wani ɗan sukari da ake kira gulukos. Wannan gulukos shi ne babban tubalin duniyar tsirrai. Idan tsiro ya jera dubbansa suna fuskantar gefe ɗaya, sai sarƙar ta riƙa lanƙwasawa tana naɗewa, abin da aka samu shi ne sitaci, wanda ya cika ƙwayar masara da dawa da gero. Idan kuwa aka jera su ana kifa kowane na biyu, wannan a miƙe wancan a kife, sai sarƙar ta miƙe sambal, sarƙoƙi da yawa su kwanta kusa da juna su manne, su zama zare mai ƙarfi. Wannan shi ake kira selulos, kuma shi ne ginshiƙin kara da itace.

Auduga, wadda ta sa sunan Funtuwa ya shahara tun zamanin Turawa, har aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi da gonar iri a Daudawa, kusan zallar selulos ce, fiye da kashi 90 cikin 100. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro daga fatar angurya ta yi tsawo. Ke nan tuwon da ke cikin kwano da rigar da ke jikin mai cin tuwon daga tubali ɗaya aka gina su. Bambancin kawai shi ne yadda aka ɗora tubalin.

To, me ya sa muke iya cin tuwo amma ba ma iya cin riga? A cikin miyau da hanjin ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna amiles, wanda aikinsa shi ne tsinka sarƙar sitaci. Yana da wani ɗan kwarmi a jikinsa wanda mahaɗar sitaci take shiga ta zauna daidai, kamar haƙorin tubali a gurbinsa. Mahaɗar selulos kuwa ba ta shiga wannan kwarmi, don haka sai ta wuce ta cikinmu ba a taɓa ta ba. Ita ma saniya ba da ƙarfin kanta take narkar da kara da harawa ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu bila adadin waɗanda ke da sinadarin da ya dace da selulos, su ne ke yi mata aikin. Haka abin yake ga gara da ke cinye azara.

Tubali ɗaya a gurbin da ba nasa ba

Shi amiles ɗin da muka ambata furotin ne, kuma furotin shi ma gini ne. Tubalansa su ne amino asid, iri 20. Idan za a jera guda shida kawai, akwai jeri miliyan 64 da za a iya samu, ga shi kuwa yawancin furotin ɗaruruwan tubala gare su. Takardar da ke faɗin wane tubali zai bi wane ita ce DNA, wadda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, ake kuma gadonta daga uwa da uba. Bayan an jera, sai sarƙar ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma wannan siffa ita ce aikinta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne ciwon sikila, ko amosanin jini. Himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, sarƙoƙi huɗu gare shi, biyu masu tubala 141, biyu masu 146. A tsakanin 1956 da 1957 wani masani mai suna Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano cewa bambancin himogulobin mai sikila da na mai lafiya tubali ɗaya ne tak, na shida a sarƙar mai 146, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ɗan canji ya sa wani gefe na furotin ɗin ya zama mai danƙo, idan iska ta yi ƙaranci sai su riƙa hawa kan juna suna zama dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da kwafi ɗaya na wannan gado, wato AS, kuma dalilin yawansa shi ne yana ba yara kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda binciken da aka yi a Garki ta Jihar Jigawa ta yanzu a shekarun 1970 ya ƙara tabbatarwa. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da SS. Wannan shi ne dalilin gwajin jini kafin aure.

Ninjan da ke ƙarƙashin ƙasa

Mu koma ga ɗan mutum-mutumin nan mai rufaffiyar fuska. Ninja na gaskiya 'yan leƙen asiri ne da sarakunan yaƙin Japan suka riƙa haya a ƙarni na 15 da na 16, kuma yankunan Iga da Koga ne suka fi shahara da su. Baƙaƙen kaya da tsalle-tsallen da muka saba gani a sinima da bidiyo yawanci ƙarin gishiri ne. Ainihin sana'arsu ita ce shiga gari a ɓoye cikin shigar manomi ko ɗan kasuwa, su saurara, su yi ɓarna, kafin a farga sun gama.

Idan ana neman mai wannan hali a gonakinmu, ba sai an je da nisa ba. Shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma suna ce masa Striga hermonthica. Duk manomin dawa da masara a kudancin Katsina ya san furensa mai launin shunayya da ja-ja, wanda ke ƙawata gona a ƙarshen damina alhali mai gonar yana baƙin ciki. Irinsa kamar ƙura yake, bai kai rabin milimita ba, tsiro ɗaya kuma yana zubar da dubun dubata. Irin yana iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara goma, ruwa ya sauka ya ɗauke, bai motsa ba. Dalili kuwa, guzurin abincin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan ya tsiro bai sami saiwar da zai kama ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa zai yi. Don haka sai ya zauna yana saurare.

Me yake saurare? Saiwar dawa da masara tana fitar da wasu sinadarai a cikin ƙasa waɗanda ake kira sitirigolakton. Ba don ƙuduji take fitar da su ba. A shekarar 2005 wasu masana a Osaka ta Japan, ƙarƙashin Kohki Akiyama da Hideo Hayashi, suka nuna cewa kira ne tsiro yake yi ga wata irin fumfuna mai amfani da ke zaune a ƙasa, wadda ke shiga saiwa ta taimaka mata wajen jawo sinadarin fosfet, ita kuma a biya ta da sukari. A 2008 kuma aka gano cewa su ne dai ke hana tsiro yawan fitar da rassa. Muhimmin abin lura shi ne, gwargwadon yunwar ƙasa gwargwadon ƙarfin kiran. Idan gona ta gaji, fosfet da naitirojin suka yi ƙaranci, sai saiwa ta ƙara ɗaga murya, shi kuwa ƙuduji yana laɓe yana ji. Manoma sun daɗe da sanin cewa ƙuduji ya fi addabar gonar da ta mutu. Ga dalilin nan a fili.

A cikin irin ƙuduji akwai wasu furotin masu kwarmi wanda ya dace da siffar sitirigolakton. Da zarar sinadarin ya faɗa kwarmin, sai furotin ya canza siffa, ya tayar da irin daga barci. Sai ɗan tsiro ya fito ya nufi saiwar, ya manne, ya huda ta, ya haɗa bututunsa da bututun ruwan mai gida. Daga nan zai yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar ruwa da abinci, dawa tana tsumburewa, ganyenta yana yin ɗorawa kamar ana fari, manomi bai ga komai ba. Kafin kansa ya ɓullo sarari, mafi yawan ɓarnar an riga an yi ta. Shi ya sa noman ciyawa kaɗai ba ya ceton amfanin wannan shekarar, ko da yake yana ceton na baɗi.

A nan ne labarin ya dawo gida. Sinadari na farko na wannan dangi da aka tace, wanda aka sa wa suna sitirigol, a shekarar 1966 aka samo shi a Amurka, kuma daga saiwar auduga aka samo shi. Auduga tana yin kiran, ƙuduji ya ji ya tashi, amma idan ya zo ba ya iya kama saiwarta ya rayu. Sai ya mutu da yunwa. Wato auduga tarko ce. Haka waken suya da gyaɗa suke yi wa ƙudujin dawa. Duk shekarar da aka shuka ɗaya daga cikinsu, an rage ajiyar irin ƙuduji da ke cikin ƙasa, ga kuma ƙarin taki da dangin wake ke bari. Sai dai a kula, wake na gida yana da nasa ƙudujin daban, Striga gesnerioides, wanda shi kuma ba ruwansa da dawa. Kowane haƙori da gurbinsa.

Idan muka duba tarihin noman wannan yanki za mu ga inda gizo ke saƙar. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya tare da irinsa na Gusau da Gwambe, ya taimaka wajen mayar da masara babban amfanin gona, a lokacin da takin zamani ke da araha. Daga baya taki ya yi tsada, mutane suka yi yawa, hutun gona ya ragu, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka riƙa rufewa a shekarun 1990 da na 2000, kasuwar auduga ta yi sanyi. Gonar da a da ake juya mata auduga da dawa sai ta koma hatsi bayan hatsi. Ina ganin duk wanda ke lissafin asarar da faɗuwar auduga ta jawo, ya kamata ya sa wannan a ciki, domin an cire mai gadi daga gona ba tare da an lura ba.

Abin sha'awa, ƙasar ninja ma ta ba da himma wajen bin sawun wannan ɓarawo. A 2015 masana a Jami'ar Nagoya, cikinsu har da Yuichiro Tsuchiya, da wasu a Jami'ar Toronto ta Kanada, suka bayyana ainihin furotin ɗin da ƙuduji ke saurare da su. A 2018 kuma ƙungiyar Nagoya ta ƙera wani sinadari mai suna SPL7, wanda aka gina siffarsa domin ta dace da kwarmin furotin ƙuduji, yadda ɗan mitsitsin adadi zai tayar da irin a ƙasar da babu shuka, ya tsiro ya mutu. Wannan aikin auduga ne aka mayar cikin kwalba. Kafin irin wannan ya iso kasuwar Funtuwa, abin da ke hannun manomi shi ne juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, da zuba takin gargajiya da na zamani, da amfani da irin masara mai jure ƙuduji daga jerin SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da kuma tuge ƙuduji kafin furensa ya zama iri. Wanda aka tuge da fure a ƙone shi, kada a yar a kan kunya, domin yana iya ƙarasa nunar da irinsa a nan inda aka jefar da shi.

Kashedi ga iyaye, shawara ga malamai

Wanda ya sayo wa yaransa irin wannan akwati ya lura da shekarun da aka rubuta a jikinsa. 'Yan takubba da kawunan mutum-mutumin ƙanana ne ƙwarai, yaron da bai kai shekara uku ba kuwa komai baki yake kaiwa, kuma maƙogwaronsa siriri ne. A gidan yawa, inda na goye ke rarrafe kusa da yayyensa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Sa'an nan robar da ake yin yawancin tubalan da ita tun 1963, wato ABS, daga man fetur take, kuma ba ta ruɓewa. Wani bincike na Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2020 ya ƙiyasta cewa tubalin zai iya yin shekara 100 zuwa 1,300 a cikin teku. Tun 2018 kamfanin ya fara yin wasu sassa masu laushi, kamar ganyaye da bishiyoyi, da robar da aka samo daga rake, amma ita ma roba ce, gara ba ta cin ta. Motar kara kuwa, damina ɗaya ta ishe ta komawa ƙasa.

Malamin kimiyya a sakandare ko firamare ba ya bukatar akwatin Denmak kafin ya koyar da abin da muka tattauna. A sa ɗalibai su yanko totuwar kara gunduwa-gunduwa daidai wa daida, a ɗiga tawada a gefe ɗaya na kowace. Rukuni na farko su soke guda goma a jere da alamar duk tana sama, su ce wannan sitaci ne. Rukuni na biyu su jera ana kifa kowace ta biyu, su ce selulos. Daga nan a ɗiga ruwan aidin a kan ɗan tuwo da kuma kan ɗan ƙullin auduga: tuwon zai koma baƙi-baƙi mai shuɗi, audugar kuwa launin aidin ɗin kawai za ta ɗauka. Idan lokacin damina ne, a watan Agusta ko Satumba, a nemi izinin wani mai gona a haƙo gindin dawa ɗaya da ya tsumbure tare da ƙasarsa, a wanke saiwar a hankali cikin bokiti, a ba ɗalibai madubin ƙara girma su ƙirga fararen 'ya'yan ƙuduji da ke manne a jikinta waɗanda ba su kai ga ɓullowa ba.